Daga Bakin Akwati: Kuɗin harawa a ganye yake

   

Ranar zubinmu ta makon jiya, an ƙidaya kuɗi an rufe akwati, masu makulli uku kowacce ta ƙulle nata a bakin zane, har mun fara kakkaɓe tabarmi, sai wata dattijuwa cikinmu ta fiddo salula ta ce mu dakata. Ɗanta da ke aikin lambu wajen Agadas ne ya aiko mata bidiyo ta WhatsApp. Muka taru a kanta muna leƙe. Wata ciyawa ce kore shar, tsayinta ya kai gwiwa, ga ɗan fure shunayya a kanta, shi kuma yana yanka da lauje yana tarawa. Ya ce sunanta luzan, kusan kowane wata ana yankanta ta sake tohowa, kuma masu kiwo ba su barin ta ta kwana. Baba ta dube mu ta ce, “To mi za ya hana mu ɗebo kuɗi cikin akwatin ga mu shibka ta? Ga rijiya, ga hili bayan lakkwal, ga mu da hannuwa.”

Nan take taro ya rabu biyu. Wasu suka ce bismilla, wasu suka ce kuɗin marayu da zawarawa ne a ciki, ba a gwaji da shi. Ni na ɗauki alkawarin zan bincika in kawo amsa a wannan fili, don na san ba ƙungiyarmu kaɗai bidiyo irin wannan ya kai wa ba. Daga Maijirgi zuwa Korgom, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, kowa na da ɗa ko ƙane a tafiya, kuma kowa na da akuya a turke. To ga abin da na samo.

Luzan, da abin da take ci

Yaron bai yi ƙarya ba. Luzan ciyawa ce ta ƙwarai, dangin wake ce, kuma a duniyar masu kiwo da wuya a samu wadda ta fi ta daraja. Faransawa ke ce mata luzan, a Amurka alfalfa, a Sudan barsim. Shuka ɗaya tana kai shekara uku ko fiye ana yanka. A ƙasarmu ana noman ta a lambunan Ayar, inda ake ban ruwa kuma sanyin duwatsu ke taimakon ta.

Amma tana da ƙishirwa. Masana noma sun ƙiyasta tana shan ruwan da ya ninka na damanarmu sau biyu ko uku a shekara. Bari mu kawo lissafin gida. Fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, wanda bai fi tsakar gidan wasunmu ba, zai sha lita 100,000 a shekara. In an raba kan kwanaki, bido 11 ke nan mai lita 25 kowace rana ta Allah, ba Juma'a ba Sallah. A bazara kuwa sai ya fi haka. Wa zai ja wannan ruwan? A garuruwanmu da yawa, tun ba arewacin Mayahi ba, igiyar guga sai da sa ko jaki ake jan ta, ruwan sha ma sai an bi layi.

Ku ji abin da ya faru da masu kuɗi. Saudiyya ta daɗe tana noman wannan ciyawa a hamada da manyan injuna, har ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fara ja da baya. Hukuma ta ba da wa'adin shekara uku, a ƙarshen 2018 ta tsayar da noman ɗanyar ciyawa a manyan gonaki. Kamfanin madara na Almarai tun 2014 ya je jihar Arizona ta Amurka ya sayi gona, yana noman luzan can, a busar, a ɗaure, a loda a jirgin ruwa zuwa wurin shanunsa. Wanda ke da man fetur ya ga ruwan ya fi ƙarfinsa, ina ga mu masu guga?

Saboda haka amsata ga Baba ita ce: ƙungiyar da ke da lambu a fadama, ko a kwarin Gulbin Kaba inda ruwa bai yi nisa ba, ko mai famfo mai aiki da hasken rana, tana iya gwada fangali biyu ko uku cikin sanyi, daga Nuwamba, da shawarar malamin gona. Kuɗin irin ya fito daga aljihun masu son gwajin, kada a taɓa akwati. Kuma a sani, ɗanyar luzan in dabba ta cika ciki da ita da yunwa tana kumbura ciki har ta kashe, sai an bar ta ta yi yaushi, a fara ba da kaɗan kaɗan. Sauranmu kuwa, mu dubi abin da ke cikin gonarmu yanzu haka.

Tamu luzan tana gona

Abin da ya tsaya mini a rai cikin labarin Almarai shi ne busasshiyar ciyawa suke ɗaukowa daga wata duniya. Ashe ciyawa haja ce kamar shinkafa. Kuma in mai saye ya zo, abu huɗu yake dubawa: launinta kore ne? Ganye ya yi yawa ko kara ne zalla? Ƙanshinta fa? Akwai ƙasa ko ruɓa a ciki? Da waɗannan ake yanke mata daraja, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kowacce da kuɗinta.

To wannan ai shi ne abin da mai turke ke yi wa harawarmu a kasuwar Tasawa da ta Mayahi. Ya ɗaga dami, ya girgiza, ya cusa hannu ciki, ya sansana. Wake da gujiya dangin luzan ne. Harawar wake mai kyau, sinadarin gina jiki da ke cikinta, wanda likitoci ke kira furotin, ya ninka na karan hatsi wajen sau uku. Ba ta neman ban ruwa, ba ta neman sabon fili, ga ta ta riga ta ba mu wake na ci da na saidawa. Illa dai mafi yawan wannan sinadari a ganye yake zaune. Karan ba shi da wani abin kirki. Duk ganyen da ya kakkaɓe a gona, ko a hanya, ko a kan rufin ɗaki, nama ne da nono suka zube, kuɗi ne ya bi iska.

Ni kaina na sha wannan darasi. Shekara biyu da suka wuce na yi wake mai kyau a gamanata. Biki ya ɗauke mini hankali, ban je yankan harawa ba sai da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Abin da na tattaro na jibga kan rufin shago, ba inuwa ba rufi. Ran da na sauke cikin bazara ta yi fari fat kamar gashin tsohuwa, kana taɓawa tana zuba. Mai saye ya ɗaga dami ɗaya ya ce, “Hajiya, wanga ai itace ne, na hura wuta kika kawo?” Rabin abin da ya ba maƙwabciyata ya taya mini, gonarmu kuwa iyaka ɗaya, iri ɗaya muka shuka. Na karɓa don ba yadda zan yi. Abin da ya raba damina da nata, kwana goma na jinkiri ne da rumfa ɗaya.

Yanka a kan kari

Masu luzan suna yanka tun fure ya fara fitowa, ba su jira ta tsufa. Mu da muke son wake ba za mu yi haka ba, amma akwai lokacin da ya dace da mu. Da zarar an yi roron ƙarshe, ganye na kore yana fara ɗan rawaya daga ƙasa, ranar nan ko washegari a shiga yanka. Kada ki ce sai ƴan kwanson da suka rage sun nuna. Tiya guda da za ki ƙara samu ba ta kai ganyen da zai zube cikin mako ɗaya ba.

A yanka da safe, raɓa ta ɗaga amma rana ba ta yi zafi ba. A sa lauje a bar saiwa cikin ƙasa. Masu tugewa da hannu suna kawo ƙasa cikin dami, ga shi saiwar wake taki ce ga hatsin baɗi, don tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. A bar harawa ta sha iska kwana ɗaya ko biyu ana juyawa, sannan a naɗe ta tun tana da sauran laushi, da sassafe ko da marece. Wadda aka naɗe da tsakar rana bayan ta bushe ƙayau, rabin ganyenta a gona za ki baro shi. Sauran bushewar a ƙarasa ta a inuwa, inda iska ke ratsawa.

Yaya za ki san ta bushe? Ki zaro ƴan kara daga tsakiyar dami, ki murɗa. In ya jiƙa miki hannu, ko kika kankare bayansa da farce ya saluɓe, da saura. In ya yi ƙara ya fara karyewa amma ganye bai zama gari ba, ta yi. Kada a tara wadda ba ta gama bushewa ba. Za ta ɗau zafi a ciki, ta yi baƙi, ta yi fumfuna da wari. Harawa mai fumfuna tana sa dabba ciwo, tana iya sa mai ciki ɓari. Wannan ba ta saidawa ba ce, ba ta bayarwa ba ce, a kai ta ramin taki.

Harawar gujiya ta fi saurin zubar da ganye, kuma da ƙasa take fitowa. A kakkaɓe ta sosai, in an cire gujiya a share ganyen da ya zube a zuba a buhu daban. Buhun ganyen nan da na kowar wake, kada ki raina su, masu turke sun san darajarsu.

Abu ɗaya da ake mantawa: in an fesa wa wake maganin ƙwari kusa da roro, a duba kwanakin jira da aka rubuta jikin kwalba, ko a tambayi malamin gona, kafin a yanka wa dabba. Maganin da ya kashe tsutsa bai san ɗan akuya ba.

Ajiya

Maƙiyan harawa biyar ne: rana, ruwa, gara, wuta, da bakin dabbar da ba a gayyata ba. Rana na cinye koren, ruwa na ruɓar da ita, gara na hawowa daga ƙasa. Mun saba ɗorawa kan rufi ko cikin rassan itace, don tsoron awaki da gara, kuma dabara ce. Sai dai wata shida tana shan rana tana shan ƙura, in ruwan bazata ya sauko ba mai ceto.

Wadda ke da ɗakin da ba kowa ko tsohon rumbu, ta samu. A jera itace ko duwatsu a ƙasa, a bar taki ɗaya tsakanin harawa da bango, a zuba toka kewaye, a riƙa leƙawa duk mako don gara. Wadda ba ta da ɗaki ta kafa rumfa mai tsayi, ta jera dami a kai, ta rufe da zana ko karan dawa mai kauri, a yi masa gangare yadda ruwa zai zurare. In za a sa leda ko tampol, a sama kawai, a bar gefe a buɗe. Harawar da aka naɗe ruf cikin leda gumi take yi ta lalace. Kuma don Allah a nisanta ta da murhu. Kowace shekara cikin hunturu muna jin labarin gobara, sau da yawa daga tarin kara da harawa take kamawa.

Tun wajen jerawa a ware kashi uku: kore mai ganye gefe guda, matsakaiciya gefe guda, mai kara gefe guda. Kada a cusa mummuna cikin mai kyau a naɗe. Algus ne, haramun ne, kuma mai saye sau ɗaya ake yi masa. Ƙungiyar da aka san damin ta ciki da waje ɗaya ne, har gida za a riƙa biyo ta da amalanke.

Kasuwa, da Layyar da ke tafe

Kowa ta san harawa a kaka ba ta da kuɗi, don kowa na da ita. Tana fara tashi in an saki gonaki dabbobi suka share abin da ya rage, ta kai ƙarshen tsadarta a bazara, daga Afrilu zuwa saukar ruwa, lokacin da daji ya zama fili, filayen kiwo kuma da yawa garmani ya cinye su, ciyawar da dabba ba ta damu da ita ba.

Yanzu ku duba kalanda. Layyar 2025 ta faɗo ranar 7 ga Yuni. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, ta 2026 ana sa ran ta a ƙarshen Mayu, ta 2027 a tsakiyar Mayu, in Allah ya kai mu. Mai turken wata uku ke nan zai ɗaure ragonsa cikin azumi, wajen ƙarshen Fabrairu, ya ciyar da shi Maris, Afrilu, Mayu, watannin da ba ko tsinke a daji. Shekarun nan masu zuwa duk haka za su kasance. Kowane balami da kowane uda da za a kai kasuwar Layya, da abincin da aka ajiye tun kaka zai yi ƙiba. Wadda ta ajiye mai kyau, ita ke da magana.

Amma kada mu ruɗi kanmu, kasuwa ba ta da alkawari. A watan Mayu na 2025 hukuma ta hana fitar da dabbobi waje gab da Sallah, kuma mu da ke kusa da iyakar Nijeriya mun san abin da rashin baƙin masu saye ke yi wa cinikin rago. In kuɗin rago ya faɗi, mai turke ma hannunsa na sanyi wajen sayen abinci. Haka in ruwa ya sauko da wuri ɗanyar ciyawa ta fito, harawar da ta rage sai a yi ta roƙon mai saye. Shi ya sa ba a jiran ranar ƙarshe. A saida kashi ɗaya cikin Maris, kashi ɗaya cikin Afrilu, sauran a farkon Mayu.

Lissafi kafin a buɗe akwati

Wasu ƙungiyoyi na tunanin sayen harawa yanzu da kuɗin asusu su ajiye. Tunani ne mai kyau, amma a yi shi da alƙalami. Ga misali. Kuɗin da zan faɗa na ƙaddarawa ne kawai, kowace ƙungiya ta sa farashin kasuwarta.

Mu ƙaddara an sayi dami 200, kowane dala 60, wato sefa 300. Jika 60 ke nan. Amalanke jika 6, rumfa da zana jika 9. An kashe jika 75. Kafin bazara mu ce dami 20 sun lalace ko sun zube, saura 180. In an saida kowane dala 120, an samu jika 108, riba jika 33. Madalla. In kuwa rana ta cinye ta, ko ruwa ya taɓa ta, aka saida dala 70, jika 63 za a tara, an yi asarar jika 12, ban da wahala.

Akwai lissafi na biyu da sakatariya za ta tuna mana. Jika 75 ɗin nan da an bar su cikin akwati, rance za a ba mata su yi sana'a su maido da ƙari. In ƙarin da ƙungiya ta yanka kashi 5 cikin 100 ne a wata, wata shida jika 22 da rabi ne. In kashi 10 ne, jika 45, ya ma fi ribar harawar. Kun gani? Don haka kuɗin da ya kamata a sa a harawa shi ne wanda ke kwance ba mai nema, ba wanda mata ke jira su ja jari ba. A kuma duba ranar rabon asusu, kada ta zo kuɗi na kan rumfa.

Hanyar da na fi yarda da ita ba ta bukatar kuɗi da yawa. Kowace mace ta kawo dami biyar ko goma daga gamanarta, a duba, a ba shi daraja, sakatariya ta rubuta sunanta da adadi da daraja. Ƙungiya ta kashe kuɗin rumfa ɗaya mai kyau. Wadda bukata ta taso mata a kaka, maimakon ta kai harawarta kasuwa a saya a wulaƙance, sai ta karɓi ɗan rance daga akwati, harawarta na nan a matsayin jingina, ta biya in an saida. Irin abin da ake yi da hatsi da wake a magaza ke nan, wanda ake kira warantaji. A naɗa mata biyu masu duba rumfa duk mako, mata biyu masu jin farashi ranar kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In za a samu sikeli, a auna dami goma a san nauyinsu. Dami suna ne kawai, na wata ya yi biyun na wata. Wadda ta san kilo nawa take saidawa ba a cutar ta, ita ma ba ta cutar kowa.

Ko a saida, ko a ciyar

Sau da yawa ribar harawa ta fi yawa in ta bi ta cikin dabbarki. Rago mai kilo 30 yana cin wajen kilo ɗaya na busasshen abinci a yini. Ba sai duka ya zama harawa ba, ɓarna ce. Kashi ɗaya cikin uku harawa, sauran dusa da yankakken kara ko ciyawar daji, ga ƴaƴan gawo in an samu, ga kantun gishiri ko kanwa yana lasa, ga ruwa mai tsabta. A wata uku harawa kilo 30 ke nan ga rago ɗaya. Ki auna abin da kika ajiye, ki san rago nawa zai ɗauka tun kafin ki ci bashin sayen su. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zuba abinci a kwami ko rabin tano, kada a watsa a ƙasa a tattake. Kafin a fara turke a nemi likitan dabbobi ya ba da maganin tsutsar ciki, kuma kada a bar allurar rigakafi ta shekara ta wuce. Ragon da tsutsa ke ci, ko luzan ta Amurka aka ba shi ba zai yi ƙiba ba.

Kada kuma Layya ta sa mu manta da jar akuyarmu. Ita ce mai haihuwar tagwaye, ita ce mai nonon da yara ke sha da fura. Tafi biyu na ganyen harawa kowace marece cikin bazara, ga mai ciki da mai shayarwa, shi ke hana ƴaƴanta mutuwa kafin ruwa ya sauka. Kafin a saida dami ko ɗaya, a fara ware nata.

Magana uku kafin in rufe

Ta farko, a gida. Harawar gandu ta maigida ce, ta gamana taki ce, amma in an jibga su wuri ɗaya ranar saidawa ba mai rabewa. Ku yi maganar tun yau cikin ladabi da fahimta: “Malam, wanga tarin na gamana ne, zan kai rumfar ƙungiya.” Wadda ta taya aikin yankan ta gandu, ba laifi ta roƙi a ba ta dami kaɗan don awakin gida, ai nonon na kowa ne.

Ta biyu, a daji. Gadagi da sauran ciyawar daji masu kyau suna da kasuwa, kuma su ma tun suna kore ake yankan su. Sai dai filin kiwo da burtali na jama'a ne, makiyaya na da hakki a kai. Dokar kiwo ta 2010 ta ce kwasar ciyawa a filayen kiwo don kasuwanci sai da izinin magajin gari. Ƙungiyar da ke son wannan sana'a ta fara zuwa ma'aikatar magajin gari ta tambaya. Kuma tamu harawar a kwashe ta daga gona kafin ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki, kada a bar abin da zai jawo faɗa tsakaninmu da masu dabbobi.

Ta uku, a gona. Ƙasar da aka kwashe wa komai, kara da harawa da ganye, aka bar ta tsirara, iska za ta ɗauke ta. Abin da dabba ta ci, takinta ya koma gona. A bar wani karan a kwance. A bar gawo da sauran itatuwan da ke tohowa, kamar yadda aka saba a sassaben zamani, don gawo shi ke kore a rani lokacin da kowa ya bushe. Mai son baɗi ta ƙara yawan harawa ta tambayi malamin gona irin waken da ke ba da ƴaƴa da ganye duka biyu, cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna a Maradi ta daɗe tana aiki kan irin wake.

Tsarin asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991, da ɗan abin da mata ke da shi a bakin zane, yau ga shi ana koyi da shi a ƙasashe da yawa. Harawa ma a hannunmu take. Na kai wa Baba wannan amsa har gida. Ta saurara, ta yi shiru, ta ce, “To, luzan ɗin a bar wa mutanen Agadas. Amma waken gamanata jibi za a gama roro, ku turo mini ɗiyanku da lauje.” Mun yi da ita za mu je mu shida, da sassafe.

A zubinku na wannan mako, shugaba ta ware minti goma ta tambaya: wa ta gama roro, wa ba ta yanka ba, ina za a kafa rumfa? Ƙungiyar da ta taɓa ajiyar harawa, ta ci riba ko ta faɗi, ta aiko mana da labari ta hannun sakatariyarta, mu buga wasu su ƙaru. Fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu yi maganar zaɓen ragon turke: haƙori, ƙafa, da abin da dillali ba zai gaya miki ba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu daga gara da gobara, ya sa albarka a akwati. Sai mun sake haɗuwa. Ku huta lafiya.